Dutsen da ƙuri'a ta ba Malsun

A ƙauyenmu, kaka na yi sai a jefa ƙuri'a a raba duwatsun bakin teku, kowace mace ta kankare nata tas don ƙwayar miyok ta sami wurin zama. Ganyen tekun nan shi ne miyar mai jego. Shekarar da 'yarta Unju ke da ciki, wata dattijuwa, Malsun, ta ci dutsen bakin tashar jiragen ruwa, wanda kowa ke gudu. Damchi ya rufe shi baƙi ƙirin, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke manne wa dutse.

"Maman Unju, kin yi arziki!" in ji maƙwabciyarta Bongnye, tana dariya. "Bar shi, in bazara ta yi ki sayi miyok na kasuwa."

"Yaya, na kasuwa ki kai wa surukarki. Da na dutse uwata ta yi mini jego."

Wata malamar jami'a da ke zuwa ɗibar samfuri ta gaya wa Malsun damchin nan ba irin na zamanin kakanni ba ne. Ta ce gwajin tsatso ya nuna danginsa suna wani teku mai nisa, a jikin jirage ya iso. "Kaka, wanda kika kankare kar ki zubar a ruwa. In bai fashe ba, sai ya sake kama wani dutsen."

Mu kuwa tun fil azal ruwa muke tura wa abin da muka kankare. Malsun ta koma ɗaurawa a baya cikin kwando, tana haurawa tudu da gwiwoyinta masu ciwo. Ruwa na janyewa tana can da ƙarfenta mai doguwar ƙota, sanyi ya tsattsaga mata yatsu. Bongnye ta gama tsiyarta, wata safiya sai ga ta da nata kwandon. "Ba don ke ba, don kar ya tsallako nawa."

Gefe ɗaya kawai suka iya gamawa, nan kaɗai miyok ya fito. Malsun ta yanka, ta shanya shi dogo. Ba a karya na mai jego, don haka a tsaye ta rungume shi cikin bas har Pohang, garin da Unju take. Da direba ya ce ta lanƙwasa shi, sai ta ce masa, "Ɗana, tambayi uwarka."