Idon Malamin Bunguɗu

Mun tashi daga Gusau ana idar da sallar asuba, ni da abokin karatuna da jaki guda mai taurin kai. Ƙarshen bazara ne, shekarar da ake ta raɗe-raɗin hanyar jirgi za ta iso garinmu. Damuwa ce ta fitar da mu. Mu malaman da ke koyar da hisabi da ilmin taurari, kowa yana zaurensa, ba mai leƙa wani. Ga shi labari ya zo cewa dattijon malamin Bunguɗu, wanda manoma ke jira ya dubi sama ya ce musu shuka ta yi, idonsa ya tafi, har yana shirin sallamar ɗalibansa.

Tsafe muka fara nufa, don can akwai malamin da ba a ja da shi a sanin taurari. A gindin dutsen Kwatarkwashi muka sha fura da nono. Mai nonon ta dubi kuɗin wurin da na miƙa mata kamar na ba ta tsakuwa, ita sai anini. Abokina ya yi guzurin hoce, amma jakin ya riga shi.

Malamin Tsafe ya karɓe mu da tuwon dawa, amma da ya ji buƙatarmu, ta ya je ya karantar da ɗaliban dattijon, sai ya haɗe rai. A gidansu, in ji shi, ɗa kaɗai ake buɗe wa wannan ilmi. Na kawo hujja har na gaji, bai motsa ba. Abokina ne ya ce, "To Malam, ba mu ce ka karantar ba. Taho ka gaishe da marar lafiya." Wannan kam ba ta ƙiyuwa, sai ya ɗaura wa dokinsa sirdi.

Muka ratsa Gusau muka yi yamma. Gonaki duk an share, kowa na kallon gabas. Mun sami dattijon da ɗalibansa, magidanta masu gemu, sun yi jugum. Bayan magariba aka fito da shi fili. Ya ɗaga hannu yana laluben inda tauraruwar nan Kaza da 'ya'yanta take, wadda faɗuwarta ke nuna damina ta kusa. Yatsan ya karkace. Ba wanda ya iya gyara wa malaminsa.

"Mi zan gwada muku, ni da ban gani?" in ji shi.

Sai ga malamin Tsafe ya miƙe. Ya kama hannun a hankali, ya sauke shi yamma. "Ga ta nan, Baba. Ni ad da ido, kai ad da sani. Faɗa musu."

Dattijon ya buɗe baki, karatu ya ɓalle, na Tsafe yana nunawa, har da ƙari daga abin gidansu. Wallahi sai da na share hawaye. Kafin mu watse muka ƙulla cewa duk bazara za mu haɗu, bana Bunguɗu, baɗi Tsafe, sannan Gusau, kowa ya zo da ɗalibansa.

Na dawo gida ƙafa a kumbure, amma ina tafe ina ji da kaina. Na gane malami ba ya sakin abin da ya riƙe don an fi shi hujja, sai ya ga ɗan'uwansa a tsaye yana lalube. Mu biyu muka shigo Gusau. Na Tsafe ya aika gida a gaya wa iyalinsa kada su jira shi, sai Bunguɗu ta yi shuka.