Bajimin Malam Mas'udu

Ni dai sunana Nata'ala, mai faci ne a bakin titin Sheme, daidai inda hanyar Ƙanƙara ta rabu da ta Gusau. Shekara ashirin da ɗoriya ina zaune gindin darbejiyar nan ina shan hayaƙin mutane, don haka in na ce maku na san mashin, to na sani. Amma irin na Malam Mas'udu, wallahi ban taɓa sa mashi hannu ba sai da shi ya kawo shi.

Malam Mas'udu malamin dabbobi ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana yawon allurar shanu tsakanin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, babu rugar da bai sha nono a cikinta ba. Da ya yi ritaya aka ba shi haƙƙinshi, gari ya zuba ido a ga ko shanu zai saya ko kujerar Makka zai biya. Sai ga mutum ya dawo daga Kaduna bisa wani baƙin abu mai ƙyalli, ɗan Kwatano. Bai kai irin na masu rakiyar gwamna ba, amma ya fi na 'yan kabu-kabu nesa ba kusa ba. Mazauninshi ƙasa-ƙasa ne mai faɗi, hannuwan dogaye, ƙafa kuma gaba ake miƙe ta kamar mai hutawa a kujerar zaure. Salansa biyu gare shi. In ya tashe shi, a ƙirjinka kake jin ƙarar kafin ta iso kunne.

Na ce, "Malam, wannan kuma fa? Yaƙi za ka?"

Ya ce, "Bajimi ne, Nata'ala. Na gaji da hawan akuya."

Sunan ya bi mashin ɗin har yau. Sai daga baya na gane abin da ya ja shi. Matarshi Lauratu ta daɗe tana fama da ciwon baya, shi kuwa Bajimi akwai majingina a mazaunin baya, mai laushi. Duk Juma'a sai ya ɗauko ta su nufi 'Yargoje wurin danginta, a hankali yake tafiya, ita kuma ta jingina abinta ta ja gyale. Shekara ɗaya tak suka yi a haka, Allah ya karɓi abinshi, Lauratu ta rasu.

'Ya'yan da suka haifa ɗaya ce ta rayu, Hamida, tana aure wurin wani manomi, Sanusi, a Unguwar Gide, wani ɗan ƙauye gaba da Sabuwa. An yi an yi Malam ya ƙara aure ya ƙi. Gidan ya zama daga shi sai mashin. Da safe ya wanke shi, ya goge, ya zo wurina in duba iskar tayar da ba ta rage komai ba, ya zauna har azahar bai yi magana goma ba. Ranar da za ka ga haƙoranshi ita ce ranar zuwa wurin Hamida, duk sati biyu. A can kowa ya san shi. In ya iso bakin gari sai ya murɗa totur sau uku, mata su leƙo ta kan danga suna cewa ga baban Hamida nan.

To, sai ƙasa ta lalace. Ba sai na gaya maku ba, kowa ya san a kan abin da ɓarayin daji suke zuwa. Ƙarar mashin ta zama abin da ke sa uwa ta jefar da ludayi ta sungumi ɗa. Ƙauyuka da yawa suka kafa wa kansu doka, Unguwar Gide ma haka: duk mai mashin, ko ɗan gari ne, sai ya kashe shi a gindin tsamiyar da ke kan hanya, ya turo shi da hannu, yana tafe yana sallama da ƙarfi yana faɗin sunanshi. Ƙaramin mashin ba wahala. Bajimi kuwa ya kai nauyin buhun masara biyu, ga Malam da gwiwar da wata saniya ta taɓa harba. Sai suka yi dabara. Kafin ya taso ya buga wa Sanusi waya, Sanusi ya tare shi a tsamiya da mutum ɗaya ko biyu, su tura tare. Haka aka yi ta yi, ba a taɓa samun matsala ba.

Shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu, a ƙarshen damina, Hamida ta haihu. Haihuwar fari ce, bayan shekara shida ana jira. Da uwarta na da rai da a gida za ta yi jego, to babu, sai ta zauna ɗakinta wurin uwar mijinta, wata tsohuwa da kowa ke kira Dada. Wani direba ne ya kawo wa Malam goron suna. Ranar na ga dattijo yana dariya shi kaɗai. Ya sayi atamfa turmi biyu, da sabulu, da kayan yaji, ni na taya shi ɗaure su a bayan Bajimi.

Na ce, "Malam, ba waya fa. Wa zai tare ka a tsamiya?"

Ya ce, "Sun san ina zuwa."

Ba mai fita kafin rana ta fito a lokacin, ga shingayen bincike a hanya, kowanne sai an tsayar da shi an kalli mashin an kalle shi. Ko da ya isa tsamiya hantsi ya ɗaga. Ba kowa, duk ana wurin suna. Hanya ta yi caɓi saboda ruwan da aka yi, dawa ta rufe hagu da dama ta fi tsayin mutum. Ya kashe mashin kamar yadda aka saba, ya sauka ya tura, taku goma gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Daga nesa yana jiyo muryar liman a lasifika, an fara addu'a. Shi da bakinshi ya gaya mani abin da ya raya a ranshi: zai lallaɓa da giya ɗaya, ai sun san muryar Bajimi. Ya hau ya tayar. Bai yi nisa ba tayar baya ta nutse a laka, ya murɗa totur da ƙarfi don ta fita, ya ƙara murɗawa. Ku da ba ku san salansa biyu ba, in ta yi kuka a tsakiyar dawa sai ka rantse mashin goma ne suka taho.

Da ya fito fili ƙofar gidan su Sanusi, tabarmi ya tarar, da takalma sun fi ɗari, da farantin goro a kife. Rago na ɗaure yana kuka. Lasifika na ƙugi ba mai riƙe da ita. Ya kashe mashin, ya tsaya tsakiyar tabarmin nan yana kira, "Ni ne Mas'udu! Baban Hamida ne!" Ya kusa awa guda yana kira kafin mutum na farko ya leƙo.

Hamida daga cikin dawa ta fito, ɗanyen jego, ba takalmi ba ɗankwali, jaririya a ƙirji, ƙafafunta duk jini. Dada kuwa a bayan gida aka same ta. Ta zo tsallake wani kwalbati ne ta faɗi, ƙugu ya karye. An kai ta wurin mai ɗori, an kai ta asibiti, ba ta ƙara takawa ba.

An raɗa sunan da rana, mutane tsiraru, ba guɗa ba komai. Lauratu aka sa wa yarinyar, ana kiranta Ummi. Mai unguwa bai zagi Malam ba, da ma ya zage shi da ya fi mashi sauƙi. Cewa ya yi, "Malam, kai surukinmu ne, ƙofa a buɗe take. Amma wannan abin kada ya ƙara wuce Sabuwa." Sanusi ko ɗaga kai bai yi ya kalle shi ba.

Shekara uku Malam bai koma ba. Ba a hana shi ba fa, kunya ce ta ɗaure shi. Sai ya hau Bajimi ya kama kwalta, yau Funtuwa, gobe Ƙanƙara, ya je ya juyo, ba wanda ya je gani. Wani lokaci har Sabuwa yake kaiwa, ya zauna a tasha, ya ba direban ƙauyen saƙon sabulu da 'yan riguna, ya tsaya har motar ta ɓace, sannan ya juyo. Da waya ta dawo Hamida kan kira shi, su gaisa, ya ce ya mai jiki, ta ce da sauƙi, shi ke nan magana ta ƙare. Majalisar da yake zama bayan la'asar ma ya daina zuwa, don in ya iso sai hira ta canza.

Ni abin ya ishe ni. Ina tausayinshi, amma wallahi haushi yake ba ni. Wata rana na ajiye ƙarfen cire taya na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka girme ni, amma wannan wace irin rayuwa ce? Kana da jika ba ka san kamanninta ba! Ka sayar da baƙin abin nan mana ka huta."

Ya ce, "In na sayar, Dada za ta tashi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ka bar mani shi. In na shiga gida shi kaɗai nake tararwa."

Ban ƙara tayar da zancen ba.

Bara, bayan an gama girbi, Hamida ta kira shi yana zaune a bencina, ina jin muryarta. Ta ce, "Baba, Ummi ta fara tambaya wai ita ba ta da kaka namiji ne? Don Allah ka zo, Baba. Ba wanda ya riƙe ka a rai." Ya ce to. Ya mayar da wayar aljihu.

Ranar kasuwar Sabuwa ya turo Bajimi gindin darbejiya, ya miƙo mani makulli. Ya sha farar shadda, ga sanda a hannu. Ya nuna mani awarwaro 'yan ƙanana da ɗan kunne a cikin leda. Na ce lefe ne wannan? Ya ce ai dole, amarya zai je gani, irin wasan kaka da jika. Tun a nan yake gwada abin da zai ce mata, wai, "Ina amaryata? Kin tsufa ban biya sadaki ba." Ya shiga bas zuwa Funtuwa, daga can wata zuwa Sabuwa, daga can bayan a-kori-kura, sauran kuma a ƙafa, yana tafe yana hutawa.

Washegari da hantsi sai ga shi ya dawo, a gidan wani tsohon abokin aikinshi ya kwana a Sabuwa. Na ce, "Malam, ya amarya?" Ya zauna a benci ya jingina sandar. Abin da ya gaya mani ke nan.

An karɓe shi da mutunci. Sanusi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Ya shiga ɗakin Dada, tana kwance ta rame, ya buɗe baki zai nemi gafara ta tare shi, ta ce ta yafe tun ranar, abin da Allah ya rubuta ne. Suna cikin haka Hamida ta shigo riƙe da hannun yarinyar. Ya ce goshin marigayiya Lauratu ne sak. Ya fiddo awarwaro ya kaɗa, yarinya ta saki hannun uwarta ta taho, har ta miƙa hannu ta karɓa. Sai ta waiwaya ta ce, "Dada, wane ne?"

Tsohuwa ba da wata manufa ba, da fara'arta ma, ta ce, "Kakanki ne mana. Shi ne mai mashin ɗin nan da nake ba ki labari."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, don yaran can an koya masu in an ce masu mashin sun zo ba a kuka. Sakin awarwaron ta yi, ta fita da gudu, ta shige ƙarƙashin rumbu, can ciki inda hannun babba ba ya kaiwa. Hamida ta lallashe ta, Sanusi ya kwanta a ƙasa yana kira, aka kawo alewa, aka kawo fura. Ko motsi. Malam ya koma zaure ya zauna don kada ta gan shi, amma duk wanda ya leƙa ƙarƙashin rumbun sai ta tambaya da raɗa ko ya tafi. Aka yi azahar, aka yi la'asar.

Hamida ta zo zaure tana hawaye. Ta ce, "Baba, ka kwana. Yarinta ce, zuwa gobe za ta saba."

Ya jawo sandarshi ya miƙe. Ya ce, "Hamida, tun safe yarinyar nan ba ta ci komai ba. Bari in tafi ta fito."

Ya ce yana isa bakin kwalta wayarshi ta yi ƙara. Hamida ce. Ta ce Ummi ta fito, ta cinye tuwonta tas.

Ya ce mata, "To, alhamdulillahi."