Kumfar Kunun Gwaggo

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, mu mutanen Kaura Namoda duk muka wayi gari waliyyai. Gidajen burukutu na bayan tashar jirgi suka rufe. Ko kumfar sabulu mutum ya gani sai ya yi a'uziyya.

Ana cikin haka aka yi mini haihuwa. Gwaggona ta taho daga Sakajiki ta haɗa kunun zaƙin suna, da tsiron gero, yadda ta gada. Ita ba ta ɗanɗanawa, kunne take kara wa randa. In ta ji raɗa-raɗa, kunu ya nuna, a tace. In ta ji surutu, ya fara wuce gona da iri. To, bazara ce, irin zafin da kaza ke saka ƙwai dafaffe. Da asuba randa raɗa take, kafin hantsi ta koma kasuwar hatsi, kumfa har baki.

Wani saurayi ɗan hisba da ya zo cin suna ya shinshina kofinsa, ya ce shi dai yana da shakka. Kafin ya rufe baki magana ta isa cikin gida. Gwaggo, hajiya guda mai haƙorin Makka, ta zauna daɓas bakin murhu. In aka ce ta dafa burukutu, da wane ido za ta koma Sakajiki?

Liman ya ce abin mai sauƙi ne, wanda ya san ɗanɗanon giya ya kurɓa ya faɗa mana. Mutanen zaure da a da sai an nuna musu ƙofar gidajensu da yamma, duk suka duƙufa jan carbi. Ashe garin nan ba a taɓa shan komai ba sai ruwan rijiya.

Idanu suka taru kan maƙwabcina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda tubarsa ko kwana arba'in ba ta yi ba.

"Allah gafarta malam, ni hwa na tuba."

"Tubarka na nan, baba, ba mu taɓa ta. Shaida muke biɗa."

Ya karɓi kofi da hannu biyu, ya kurɓa, ya jujjuya shi a baki, ya lumshe ido. Ya ce a ƙaro, shaida ɗaya ba ta tsayawa gaban alƙali. Aka ƙaro. Da ya shanye sai ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya je tasha ya tarar jirgi ya tashi.

"Wanga kunu ne zalla, malam. Ko randar duka ka sha, sai dai ka yi ta zaga baya."

Liman ya yi bisimilla ya ɗaga kofinsa, ɗan hisba ya bi sahu har da neman ƙari. Gwaggo ta aiko masa da kwano guda, ta ce a gaya wa ɗan nan ya sha a hankali, kada shakka ta shaƙe shi. Ta koma Sakajiki da hajiyancinta cif, ni kuwa angon ƙarni ko gindin randa ban samu ba.