Kaushin Hannun Kakata

Wautata ba ta jiya ba ce, da ita na girma. Allo ma bulalar malam kawai na haddace. Duk Larabcin da na mallaka kalma guda ce, ita ma da furfurata na tsinto ta wajen tafsiri: hushuna. Malam ya ce kaushi ke nan, ana faɗinta ga tufa, ga murya, ga fata, har ga hali. Jama'a suka gyaɗa kai, ni kuwa hannun kakata ya faɗo mini a rai.

A Kaoje, bayan sallar isha, mukan kewaye ta a bakin wutar bandar kifi. Yankan shinkafa ya mayar da tafinta kamar dutsen niƙa. Tana tatsuniya tana shafa bayan wanda ke kusa, ni kuwa in zille.

"Angona, mi kaka gudu?" in ji ta. "Matso, ga ta nan tahe."

Wai wani ɗan kada ne ya ƙi hawa bayan uwarsa, ya ce kaushinta na ƙuje masa ciki. Ya roƙi tarwaɗa ta ƙetare da shi, tunda ita sumul take. Suna kaiwa tsakiyar gulbi santsi ya kwashe shi, ya laluba ya rasa abin kamawa, ruwa ya tafi da shi. Ni na ce ai tarwaɗar ta fi daɗi a miya.

Da na zama saurayi zan ƙetara Benin fatauci, ta biyo ni har zaure. A gidanmu matafiyi ba ya fita sai tsohuwa ta tofa addu'a a tafinta ta shafa masa a kai da fuska. Abokaina na tsaye, ga sabuwar hula na kafa. Ta tofa, ta miƙo hannu, na goce ina dariya.

"In na komo kya shafa, amarya."

Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye hanya. Kafin ya janye kakata ta rasu, an binne ta. Sai yanzu, da tsufa, na gane ba don ɗan kadan take ba mu labarin nan ba. So take mu riƙe ta tun tana nan.

Ranar da na dawo, gwaggona ta tare ni a zauren nan.

"Ka san ranar da ka tahi har magariba tana dunƙule da hannun nan?" in ji ta. "Wai kada addu'arka ta zube."