Hotona a Shafin Farko

Yaya Idi, yau duk unguwarmu ta Maamobi ta taya ni murnar korata daga aiki.

Da safe manajan kamfanin sabulu ya miƙo mini takarda, yana murmushi. Ya ce, "Malam Sale, mun ba ka damar hutawa." Shekara sha tara ina dakon kwalayensu, ashe sallama ce.

Ina sauka daga trotro, motar hayarmu, na tarar da cincirindo a teburin mai jarida. Ka san halinmu, a tsaye muke karanta kanun labarai, ba mai saye. Ga hotona a shafin farko, wanda suka ɗauka jiya, manaja riƙe da hannuna. A samansa da manyan baƙaƙe: "Kamfani Ya Karrama Tsofaffin Ma'aikatansa."

Alhaji Bawa, mai gidan da nake haya, ya rungume ni. "Sale, ka fitar da Zango kunya!" Hajiya mai koko ta ƙara mini ƙosai biyu. Liman ya roƙa mini ƙarin girma, na ce amin.

Ni kaɗai na sayi jaridar. A ɗaki na buɗe ta. Can ciki, ƙarƙashin tallar taya, layi biyu ne kacal: an sallami waɗanda aka karrama, injuna za su yi aikinsu.

Na ɗaga kai in nuna wa matata Rabi, sai na tuna bara muka binne ta.

Na goge kakin aikina na rataye. Gobe ƙarfe shida zan hau trotro kamar kullum, su Alhaji suna ɗago mini hannu. Inda zan sauka ne ban sani ba.