Karan Dawa da Muryar Baba

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda sai an tuna mini nake tunawa. Amma tafiyar da yayana ya yi Kano da guntun karan dawa a aljihu, da abin da ya biyo bayanta, ba na jin zan manta da su har in koma ga Allah.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin ina zaune da mijina a Madarunfa, kusa da gidan Innarmu. Na taɓa yin aikin sakatariya a wani shirin raya karkara, kuma da shirin ya ƙare aka bar mana tsofaffin kayan ofis, ni na samu kwamfutar da nake aiki da ita, wadda mu a nan muke kira ordinata. Tun a ofis tsohuwa ce. In na kunna ta sai in je in ɗora tukunya in dawo kafin ta gama farkawa. Da ita nake buga wa mutane katin biki da na suna duk ranar da kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba.

Babanmu ya tafi ci-rani Abijan Inna tana da cikin autarmu, kuma can ciwo ya kama shi, can aka rufe shi. Ba mu ga gawarsa ba, ba mu san kabarinsa ba. Abin da ya rage mana kaset ɗaya ne da ya aiko kafin ya kwanta, irin wanda 'yan ci-rani ke ɗaukar muryarsu su ba mai zuwa gida. A ciki yana gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa abin da ke cikin Inna addu'a tun bai san mace ce ko namiji ba. Duk Juma'a Inna takan saurara, kuma da ya ce "sai Allah ya sada mu" sai ta kashe rediyo, ta share ido, ta mayar da zaren da biro don kada pil, wato batir, ya ƙare.

Wata rana Yaya ya ɗauki kaset ɗin ya sa a rediyo mai baki biyu don ya kwafa, rediyon ya tauna zaren. Da ƙyar aka zaro shi aka liƙe, amma gaisuwar da Baba ya yi wa kakarmu ta tafi ke nan. Tun daga ranar Inna ta naɗe kaset ɗin cikin ɗankwali ta jefa ƙasan kwalla, ta rantse babu rediyon da zai sake taɓa shi. Ita kanta ta daina saurara. Sai ga auren auta ya taso, za a kai ta Agadas, kuma abu ɗaya ta roƙa cikin kayan ɗakinta, muryar uban da ba ta taɓa gani ba.

Wani tsohon abokin aikina da ya zo daga Yamai shi ya ce mini ana iya juye murya cikin ordinata, daga nan a ɗora ta a faifan CD, wanda ba shi da zaren da za a tauna. Ya ce abin da nake buƙata wata na'ura ce da ake cusawa a gaban ordinatar, masu sayarwa suna kiranta garaber. Na kai wa Yaya maganar, tun da shi direba ne, hanyar Maraɗi zuwa Kano kamar tsakar gidansu take a wurinsa. Ya ma fi ni ɗoki, don abin da rediyonsa ya yi yana cin ransa ko da bai faɗa ba.

Da safen tafiyarsa ya shigo ya ce in nuna masa inda abin zai shiga. Na nuna masa wani murfi a gaban akwatin ordinatar. Sai ya fita ya karyo karan dawa daga dangar maƙwabta, ya gwada faɗin wurin, ya gutsure da haƙori, ya sa a aljihu. Haka ake sayo mana takalmin Salla tun muna yara, a auna ƙafa da kara a tafi kasuwa, kuma bai taɓa kuskure ba. Ni da na yi shekaru gaban ordinatar ban ga aibin dabarar ba, har cewa na yi ya ƙara ɗan tsawo kada ta matse.

Ya dawo hannu rabbana, fuska a murtuke. Sai da ya ci tuwo ya huce sannan ya ba ni labari. Ya ce ya shiga wani shago ya ce a ba shi wadda ta fi kowace sabunta, don ba zai ɗora muryar mahaifinsa a kan gwanjo ba. Ya hango wata a kwali mai sheƙi, an rubuta DVD a jiki, aka ce masa ita ce ta zamani, har fim take nunawa. Ya zaro karansa ya gwada, ya zauna daidai. Yana shirin biya sai mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tambaye shi me karan yake yi. Da ya ji bayani bai yi dariya ba, abin da ya fi ba Yaya haushi ke nan, don da ya yi dariya da sun yi faɗa an wuce wurin. Jera masa na'urori ya yi a kan tebur ya ce ya gwada, kowace karan ya yi mata daidai. Sannan ya ce wadda ya zaɓa karanta faifai kawai take yi, ba ta rubutu a kansa, kuma ko da tana yi, ba lallai tsohuwar ordinata ta iya ɗaukarta ba. Ya ce ba zai sayar masa da komai ba sai ya ga akwatin da idonsa.

Yaya ya rantse mutumin raina shi ya yi don ya ji Hausarsa ta Maraɗi. Na ce masa wanda ya raina ka ai karɓar kuɗinka yake yi ya bar ka ka tafi. Tafiyar da ta biyo ina gaban mota, ordinata a kan cinyata, an naɗe ta da bargo. A Ɗan Isa, bakin iyaka, wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya leƙo ya gan ni na rungume abu ina kare shi daga rana, ya tambayi jikin jariri. Yaya bai daina tsokanata da wannan ba har yau.

Mai shagon ya buɗe akwatin a gabanmu. Ban da ƙura har da ƙwan tsaka a ciki, na ji kamar in nutse don kunya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni me muke so mu ɗora a faifan. Na gaya masa komai, har da rantsuwar Inna. Ya yi wa Baba addu'a, ya tashi ya shiga ciki. Ya fito da wata na'ura da ta ji jiki, fentinta ya fara komawa rawaya, ya ce daga cikin tasa ordinatar ya ciro ta, a hankali take aiki kuma shi ya sa za ta dace.

"Kin san injin niƙa," ya ce da ni. "In ya fi ƙarfin mai zuba hatsi, gudu yake yi a banza. Taku tsohuwa ce, a hankali take zubawa. In na ba ku mai gudu, faifai za ku yi ta ɓatawa."

Yaya ya kawar da kai, gwanjon da ya guda ga shi an kawo masa. Mutumin ya ɗaura na'urar, ya haɗa igiya daga wani ƙaramin rediyo zuwa bayan ordinatar, ya sa kaset ɗin wa'azi, ya zaunar da ni ya ce in yi da hannuna. Na yi na ɓata, ya ce in sake. Masu saye suna shigowa yana sallamarsu yana dawowa kaina, har sai da na iya ba tare da na kalle shi ba. Da za mu tafi ya ce abu ɗaya kada in manta: tsohon zare wurin tsayawa da tashi yake tsinkewa, don haka in na danna, kada kowa ya taɓa rediyon sai ya kai ƙarshe ya kashe kansa.

Shawo kan Inna ya fi duk wannan wuya. Ni na yi magana, Yaya ya yi, ta ce wanda ya tauna na farko ba shi da bakin magana. Auta ce ta durƙusa gabanta tana hawaye. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna ta shigo ɗakina da ɗankwalin a hannu.

"Ga shi nan, ɗiyata," ta ce. "In ya tsinke kada wanda ya ba ni haƙuri."

Na sa wa rediyo sababbin pil, na yi bisimilla, na danna. Muryar Baba ta fito, ta ɗan dusashe amma ita ce. Ya gaishe da Inna, ya gaishe da Yaya, ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana. Da aka zo wurin liƙi zaren ya yi ƙara, sai ya wuce. Ya yi addu'ar cikin, ya ce sai Allah ya sada mu. Inna ta miƙa hannu za ta kashe kamar yadda ta saba, na riƙe hannunta na ce mai shago ya hana.

Zaren ya ci gaba da juyawa, babu komai sai shuu. Can muka ji motsi, muka ji tari, sai muryar Baba kusa-kusa yana cewa, "Kai, wai ina ne ake kashe abin ga?" Wani daga nesa ya ce masa jan maɓalli, Baba ya ce duk ya danna, har da na maƙwabta. Abokan ɗakinsa suka fashe da dariya, shi ma ya saki tasa, doguwa, mai shiƙewa a ƙarshe kamar wanda ruwa ya sarƙe. Duk shekarun nan tana cikin kwallar Inna ba mu sani ba.

Babu wanda ya motsa har rediyon ya kashe kansa. Inna ta juya ta dubi auta ta daɗe, sannan ta ce, "Ashe nan kika samo ta." Gaskiya ne, duk gidanmu auta kaɗai ke dariya da wannan shiƙewar, har faɗa Inna take yi mata a kai. Auta ta fara dariya tana kuka, shiƙewar ta zo, sai muka rasa mai rarrashin wani. Yaya ya fita waje ya ce zai duba mota.

Tsohuwar na'urar ta yi aikinta a hankali, faifai bayan faifai, ko ɗaya bai ɓaci ba. Auta ta tafi Agadas da nata, kowa ya samu nasa. Yaya ya kai wa mai shagon buhun wake da kifin tafkinmu busasshe, ya ce mutumin ya karɓi kifin, ya roƙi karan dawan ya maƙala shi a bangon shago.

Ban sake ganin dattijon nan ba, amma ba na tashi daga sallar Juma'a ban sa shi a addu'a ba. Da ya so, da ya miƙa wa Yaya kwali mai sheƙi ya karɓi kuɗinsa, babu wanda zai ce ya yi zalunci, tun da abin da aka tambaya ya bayar. Daga wurinsa na koyi cewa kafin ka ba mutum abin da ya zo nema, ka tambaye shi me zai yi da shi, kuma ka tsaya ka ji amsar. Tambayar da ya yi ce ta sa jikokin Baba yau suka san dariyarsa.