Saniyar Inna a Cikin Tur'a

Shekarar da nake shirin jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, a garin Madani, na dawo ƙauyenmu hutu na tarar an rufe ruwan tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. In an rufe ta, laka ce ke saura, baƙa wuluk, mai riƙe ƙafa kamar danƙo. Da hantsi saniyar Inna ta gangara neman ruwa ta nutse har ciki. Ita kaɗai ce dabbar da Baba ya bar mana da ya rasu, nononta muke ci da asida, tuwonmu na dawa, ga ta da ciki tsoho.

Kafin mu iso maza sun taru. Kawu, wan Inna, ya jefa igiya ya kama ƙaho daga gaɓar gabas. Baffa, ƙanen Baba, ya jefa tasa daga gaɓar yamma. Tun rabon hawasha, gonar audugar da Baba ya bari, mutanen nan biyu ba sa ga maciji, ko a masallaci ba sa haɗa sahu. To yau ga saniya a tsakaninsu, kowa da jama'arsa, kowa na so a ce shi ya fid da ita.

Dukansu sun tsaya gaba da ita kaɗan, saboda ƙayar da ke bayanta. Suka fara ja. Ni kuwa abin da ustaz ɗinmu, malamin kimiyyar fiziya, ya zana a allo ne nake gani da idona. Muttajih yake kiransa da Larabci: kibiya ce, tsawonta shi ne yawan ƙarfi, kanta shi ne inda ƙarfin ya nufa. Ya ce ƙarfi biyu ba a tara su kamar buhunan dawa, sai an duba inda kowanne ya dosa. Jan Kawu zuwa gabas da jan Baffa zuwa yamma suna cinye juna, abin da ya rage shi ne ja zuwa gaba. Gaba kuwa ƙofar ruwa ce, inda akwai rami mai shanye namiji a tsaye.

Suna ƙara ƙarfi, tana ƙara gusawa can. Laka ta kai mata wuya. Na hangi mahaucin ƙauye ya tsuguna yana wasa wuƙa a dutse, don kada ta mutu mushe. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ga haushi, kamar in kwashe dattawan nan da mari.

Yarinya ba ta tsayawa cikin maza ta gyara musu aiki. Na ja Inna gefe, na zana mata kibau biyu a ƙasa da tsinke, na yi mata bayani. Ba ta ko duba zanen ba. Tambayata ta yi kawai ko in sun koma gefe ɗaya saniyar za ta fito. Na ce ina zato.

Inna, wadda tun takaba ba ta ɗaga murya gaban namiji ba, ta gyara tob ɗinta, mayafin da take lulluɓa da shi, ta nufi Kawu.

"Yaya, ku ba ni igiyar."

Ya ce ta matsa, aikin maza ne. Ta riƙe igiyar ba ta saki ba, har kunya ta sa ya sakar mata. Ta bi ta kan gadar ƙofar ruwa da ita, ta ƙetare zuwa gefen Baffa. Mutanen Kawu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kawu ne ya zo ƙarshe, ya kama wutsiyar igiya, fuskarsa a murtuke.

Aka ja. Saniyar ba ta motsa ba. Aka sake ja, lakar ta yi wani tsotso, ƙirjinta ya ɓullo. Sai ga ta kwance a gaɓa, ido a kafe, igiya ɗaya ta zame daga ƙaho ta shaƙe mata wuya. Mahauci ya taho da sauri yana bismilla.

Inna ta tare shi, ta karɓe wuƙar daga hannunsa, ta yanke igiyar. Muka zuba wa haƙarƙarin saniya ido. Can ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Inna ta miƙa masa wuƙarsa, ta zauna a laka tana share hancin saniyar da gefen tob ɗinta.